Hijabin da Na Cire da Hannuna

Wata rana, bayan ɗaukewar damina da kamar sati uku, matan layinmu suka ɗauke ni zuwa bakin dam.

Na ce matan layinmu, amma a lokacin ban fi wata biyu da saninsu ba. Malam ya rasu, na fita takaba, ɗana ya ce ba zan zauna ni kaɗai a ƙauye ba, ya dawo da ni wurinsa birni. A Islamiyyar matan aure na haɗu da su.

Su bakwai ne. Ni ce ta takwas, ni ce kuma babba. Shekarata sittin da tara.

Masu karanta ni a nan sun san halina. Ba na ganin abin da bai dace ba in kau da kai. Ko 'yar waye, sai na faɗa.

Suka ce akwai wurin shaƙatawa a bakin ruwan, an kewaye shi, akwai ɓangaren iyali, ana kafa tanti a kwana. Mazajensu sun yarda. Biyu daga cikin mazan ma za su raka mu, su kafa nasu can gefe.

Na ce ni ban ga dalilin da mutum zai bar ɗakinsa mai ƙofa ya je ya kwana cikin tsumma ba.

Hajiya Lanti, wadda ta haɗa tafiyar, ta ce, "Gwaggo, a Mina fa cikin tsumman kika kwana."

Na ce, "Can Allah ne ya kira ni. Nan ke ce."

Suka yi ta dariya. Ni ban yi ba. Amma na shirya jakata.

A cikinsu akwai Furera. Malamar firamare ce, shekararta ashirin da shida, da goyon 'yar wata bakwai. Mahaifiyarta ta rasu tun tana ƙarama, to tun ranar da ta fara ganina ta manne mini. Ita ke riƙe mini jaka. Ita ke jawo mini kujera a aji.

Duk abin da na ce, amsarta ɗaya ce: "To, Gwaggo."

Abin yana yi mini daɗi. Ina cewa a raina, ga yarinya mai tarbiyya a wannan zamanin.

Mun isa ranar Asabar da la'asar. Aka kafa tanti uku, aka shimfiɗa tabarmi, aka ɗora dafa-duka a risho. Ruwan ya yi faɗi, da ƙyar kake hango ɗaya gaɓar. Mun yi sallah, mun ci, mun kwanta. Ban da sauro, ba ni da abin cewa.

Da safe, bayan mun sha kunu, Hajiya Lanti ta ce a je a shiga kwale-kwale.

Ta ce ta nemi mace ta tuƙa mu, don ta san ba zan shiga na namiji ba.

Muka iske matar a bakin ruwa. Za ta yi shekara arba'in. Rana ta ƙona ta. Ta ɗaura zaninta iya gwiwa, da wando a ciki, ta tamke ɗankwali a ka. Ba mayafi, ba komai.

Na dube ta daga sama har ƙasa. Ta gaishe ni, na amsa da ƙyar.

A raina na ce, wannan wace irin mace ce, tsakiyar maza haka.

Kwale-kwalen nata mutum uku yake ɗauka ban da ita. Aka ce manya su fara. Ni da Hajiya Lanti, sai Furera don ta kula da ni. Ta miƙa wa ɗaya daga cikin matan jaririyarta.

Matar ta ɗauko wasu riguna masu ruwan lemo, marasa hannu, da soso a ciki. Ta ce rigar ruwa ce, ita ke hana mutum nutsewa.

Ta ce, "A saman hijabi ake sa ta. Ku tattare hijabin ku cusa ciki, ku ja maɗaurin nan uku har sai kun ji ta kama ku."

Ta juya tana kwashe ruwan da ya taru a cikin kwale-kwalen da wani kwano.

Hajiya Lanti ta sa mini tawa a kan hijabina, ta ja ta ɗaure tamau. Ban damu ba. Ni tsohuwa ce, ba mai kallona.

Sai na waiwaya na ga Furera.

Ta sa tata yadda aka ce. Rigar ta matse ta. Ga ta mai shayarwa. Ga samari can a kan dakali, kowa da waya a hannu.

Na ce, "Ke 'yar nan, haka za ki tsaya? Matar aure?"

Ta dubi jikinta. Kunya ta kama ta.

Na ce, "Cire. Sa ta a ciki, ki saki hijabinki."

"To, Gwaggo."

Hijabin nata irin mai kaiwa har ƙasa ne, mai yalwa, baƙi. Ta shigar da rigar ta ƙasa, tana laluben maɗaurin ba ta gani. Ta kama wannan, wancan ya kuɓuce. Hajiya Lanti ta riga ta shiga tana kiranmu.

Na ce, "Bar shi haka. Ai tana jikinki. Minti nawa za mu yi?"

Matar ta ɗago daga kwasar ruwan, ta ce, "Kowa ta ɗaure?"

Furera ta dube ni.

Ni na amsa. Na ce, "Ta ɗaure."

Ku riƙe wannan. Ni na amsa, kuma na san ba ta ɗaure ba. Ba na son matar nan ta sake buɗe baki ta koya mana yadda za mu sa sutura, shi ya sa.

Muka shiga.

Matar tana baya da filafilinta, itacen nan mai faɗi da ake tuƙi da shi. Hajiya Lanti tana gaba. Ni da Furera muna tsakiya, ita a gabana kaɗan.

Akwai ƙaramin filafili a ƙasa. Furera ta ce ko za ta iya gwadawa. Matar ta nuna mata yadda ake tsoma shi a ja baya. Ta yi na farko, ta watsa wa Hajiya Lanti ruwa a wuya.

Hajiya Lanti ta ce, "Malama, ni na yi wankana tun asuba, na gode."

Furera ta yi ta dariya. Ta ce tunda take ba ta taɓa shiga ruwa ba, ko rafi.

Na ji wannan maganar. Ta shiga kunnena ta fita.

Mun yi nisa. Tantunanmu sun zama ƙanana. Ruwan ya tashi daga ruwan ƙasa ya koma kore mai duhu. Belbelu suna wucewa ta kanmu. Na fito da carbina ina ja.

Sai wani jirgi mai inji ya wuce can nesa da gudu.

Matar ta ce, "Igiyar ruwa na zuwa. Kowa ta zauna daram, kada wadda ta motsa."

Ta farko ta ɗaga mu ta sauke. Na kai hannu zan kama gefen katako, carbin ya zame daga yatsuna ya faɗa ruwa.

Daga Madina na zo da shi. Ban san lokacin da na ce, "Wayyo, carbina!" ba.

Furera ta saki filafili. Ta miƙa jikinta waje za ta cafo mini shi.

Igiya ta biyu ta iso.

Ban ji ko ƙara ba. Yanzu tana gabana, yanzu ba ta.

Kwale-kwalen ya karkata har ruwa ya shigo. Hajiya Lanti ta fara salati da ƙarfi. Matar ta daka mana tsawa, "Kada ku tashi! Ku koma ɗaya gefen!"

Na leƙa.

Ban ga Furera ba. Hijabin na gani.

Ya buɗe a kan ruwa kamar baƙar laima, ya kumbura. Rigar ruwan, da yake ba a ɗaure take ba, ta taso ta bar jikinta, ta tura hijabin sama ya juye ya rufe mata kai. Ita tana ƙasa, a cikinsa, kamar an sa mutum a buhu.

Ina ganin hannayenta suna dukan yadin daga ciki.

Matar ta miƙa filafili, ta ce, "Kama! Kama!"

Da me za ta kama? Hannun na ciki.

Iska tana jan mu gefe. Taku biyu, taku uku. Baƙin yadin ya fara shan ruwa yana yin ƙasa.

Daga bakin gaɓa na jiyo ihun matanmu. A cikin ihun na tsinci kukan jaririyar. Ko kunnena ne ya ƙirƙiro shi, Allah ne ya sani, don nisan ya yi yawa. Amma na ji shi.

Matar ta ajiye filafili, ta ce wa Hajiya Lanti, "Ki kwanta a wancan gefen da duk nauyinki."

Ta faɗa ruwa.

Ba ta yi wata fantsama ba. Ta shige kamar kifi. Zanin nan da na raina, iya gwiwa, bai riƙe mata ƙafa ba.

Ta nutse. Na ƙirga numfashina. Ɗaya. Biyu. Na kai bakwai.

Ta ɓullo da Furera a kafaɗa, tana turo ta, tana turo ta, har ta kawo ta jikin kwale-kwalen, daidai inda nake. Ta kama gefen katakon da hannu ɗaya. Ɗaya hannun yana riƙe da yarinyar ta ƙugu.

Hannunta biyu ke nan, duk a cike.

Kan Furera ya fito daga ruwa, amma jiƙaƙƙen yadin ya manne mata a fuska, ninki biyu ko uku. Ina ganin shatin bakinta a buɗe. In ta ja numfashi, yadin ne ke shiga.

Hannayen da ɗazu ke duka sun daina.

Can kuma ga wani kwale-kwale ya taso daga gaɓa da maza huɗu a ciki, suna tuƙi da sauri. Na baya yana tsaye. Sun kusa su gan mu sosai.

Matar ta ɗago kai, ruwa na zuba daga hancinta.

Ta ce, "Inna, cire mata hijabin!"

Na dubi mazan. Wallahi na dube su. Na ce, "Ga maza nan tafe."

Ta ce, "Inna, in ba ki cire ba, mai wankan gawa za ta cire."

Ban san abin da ya faru da ni ba bayan wannan. Na san dai na durƙusa a cikin ruwan da ke ƙasan kwale-kwalen, na zura hannu biyu na kama yadin.

Ya yi nauyi kamar an jiƙa bargo. Na ja, ya ƙi. Ya naɗe da rigar ruwan a wuyanta. Na ja rigar gefe, na sa yatsu ta ƙarƙashin haɓarta inda ɗinkin ya matse, na finciko da ƙarfin da ban san ina da shi ba. Farcena biyu suka karye. Ɗinkin ya yage.

Hijabin ya fito gaba ɗaya, har da hular ciki.

Na sake shi ruwa ya tafi da shi.

Ga kan Furera a waje, da kitsonta, a gaban kowa. Ni na buɗe shi. Ni da tunda nake ban taɓa barin 'yata ta leƙa zaure ba mayafi ba.

Leɓenta ya yi fari fat. Idanunta a rufe.

Matar ta ce, "Kama hammatarta. Ja!"

Tana turowa daga ƙasa, ina ja daga sama, Hajiya Lanti tana kwance a ɗaya gefen tana kuka tana riƙe mana nauyi. Muka jawo ta ciki kamar buhun hatsi. Mazan suka iso suka riƙe mana kwale-kwalen, matar ta hau.

Ta kwantar da ita. Ta kara kunne a bakinta. Ta toshe mata hanci ta hura mata iska, ta sake hurawa, ta sake.

Ba abin da ya motsa.

Na riƙe ƙafar yarinyar. Sanyi ƙalau. Na buɗe baki zan yi addu'a, duk abin da na haddace ya gudu. Abin da ya rage a bakina kawai, "Ya Allah, ni ce. Ya Allah, ni ce."

Matar ta sake hurawa.

Sai ƙirjin Furera ya yi wani irin tsalle. Matar ta juya ta gefe. Ruwa ya fito ta baki da hanci, da kunun safe, duk a kan zanina. Ta yi tari, ta yi tari, ta ja wani numfashi mai ƙara kamar ana jan ƙofar ƙarfe.

Tunda aka haife ni ban taɓa jin sauti mai daɗin wannan ba.

Mazan nan da na ji tsoro, ko ɗaya bai tsaya kallonta ba. Ɗaya ya cire babbar rigarsa ya miƙo yana kallon wani gefen. Na lulluɓe ta da ita. Suka ɗaura igiya suka ja mu zuwa gaɓa.

A hanya ta buɗe ido. Ta daɗe tana dubana kamar ba ta gane ni ba. Sai bakinta ya motsa. Na sunkuya.

Ta ce, "Gwaggo, ki yi haƙuri. Ban samo carbin ba."

Nan na fashe da kuka. A gaban maza, a gaban kowa.

Da muka isa gaɓa, aka ɗauke ta zuwa mota. Matar ta ce lallai a kai ta asibiti ko da ta ce ta warke, don ruwan da ya shiga ƙirji yana iya tashi daga baya. Ana ta haɗa kaya, ana kiran mijin Furera a waya.

Kafin in shiga motar, na koma bakin ruwa.

Matar tana zaune a kan dutse tana matse ɗankwalinta. Hannunta ya goge a jikin katako, yana jini.

Na tsaya a gabanta. Na ce, "Baiwar Allah, da safe na zage ki a zuciyata."

Ta ce, "Na gani a idonki, Inna. Wannan ba komai, na saba."

Ta ci gaba da matsa. Sai ta ɗago.

"Amma na tambaya, kika ce ta ɗaure."

Shekara sittin da tara ina da amsar kowace magana. Ranar ban samu ba.

Ta ce, "Ni ma da laifina. Da na taɓa da hannuna. Na ga furfura ne na yarda."

Wannan ta fi mari zafi.

Aka yi mini hon. Na tafi. Ko sunanta ban tambaya ba, kuma har yau abin yana damuna.

Furera ta kwana biyu a asibiti. Da mijinta ya zo, matan suka ce masa tsautsayi ne, igiyar ruwa ce. Suna so su rufa mini asiri.

Na ce su yi shiru. Na zaunar da shi a baranda na faɗa masa komai, tun daga "cire" har zuwa "ta ɗaure". Yaron da bai kai ɗana na uku ba. Ya ce, "Allah ya kiyaye gaba, Gwaggo." Bai ko dube ni ba.

Ban ga laifinsa ba.

Na shiga wurin Furera na nemi gafararta. Ta fara cewa, "Haba Gwaggo, ai ba—" Na ce ta bari in gama. Da na gama na ce mata, daga yau in na faɗi abu ta ga akwai cuta a ciki, ta ce mini a'a.

Ta ce, "To, Gwaggo."

Na ce, "Ba wannan ba. Ki ce a'a in ji."

Ta yi murmushi, da robar iska a hancinta. Da ƙyar ta iya faɗa. Amma ta faɗa.

Kada wata ta karanta wannan ta ce Gwaggo ta ce a yar da hijabi. Ban ce ba, ba zan ce ba. Gobe in na gan ki a layi da gyale a kafaɗa, zan yi miki magana kamar yadda na saba. Na tambayi malaminmu na Islamiyya, ya ce addinin da ya ce a rufe jiki shi ne ya sa tsare rai a gaba, kuma sa rigar a sama ba ya buɗe komai. Ni ce na ƙara abin da ba a ce ba.

Darasi: In kin je wurin da ba ki sani ba, ki bi maganar mai aikin wurin, ko da shigarta ba ta yi miki ba. In an ce a ɗaure, a ɗaure, a kuma duba da hannu. Ku kuma tsofaffi 'yan uwana, yaran da ke ce mana "to" ba su da katanga tsakaninsu da kuskurenmu. Kafin ki ba da umarni, ki tabbata kin san abin. In ba ki sani ba, ki rufe bakinki. Kada kuma ki taɓa amsa tambaya a madadin wani da abin da kika san ba haka yake ba.

Ku tura wa duk wadda kuka san tana shiga kwale-kwale, ko don yawo ko don zuwa kasuwa. Ku tura wa iyayenku mata. In ba sa karatu, ku zauna ku karanta musu, ku ce wata tsohuwa irinsu ce ta ce a faɗa musu.